Igiya Biyu da Rabi

"Dabo, kai ne mai awo," in ji Mai gari, yana tura masa ɗan rediyon a kan tabarma. "Ka dai ji da kunnenka. To girmansa nawa, kuma ta ina zai bi?"

Dabo bai taɓa rediyon ba. Labaran safe sun riga sun ƙare, an shiga tallar maganin sauro, amma cikin dattawan da suka cika zauren ba wanda ya motsa. Abin da aka faɗa shi ne, wani dutse da ke yawo a sararin samaniya zai gifta kusa da duniya yau Juma'a bayan isha'i, kuma masana sun ce ba zai taɓa kowa ba. Da a nan maganar ta tsaya, da ba wanda zai fasa shan koko saboda ita. Sai dai a cikin labaran nan ɗaya aka ƙara da cewa ɗazu da asuba wani dutsen ya fashe a saman wani gari a ƙasar Rasha, gilasan tagogi sun yayyanki ɗaruruwan mutane. Mutanen Kwarin Dinya kuwa ba a goye suke ba. Ba ka ce wa mutum kura ba za ta shigo ba, sannan ka ƙara da cewa ɗazu ta ɗauke akuyar maƙwabci, kuma ka sa ran zai kwantar da hankali.

"Ranka ya daɗe," Dabo ya ce, "ni fa gona nake aunawa."

"Mun sani. Liman ya ce tasa addu'a ce, zai kuma yi. Amma mutane adadi suke so su ji, daga bakinka kuma. Tun hantsi bai yi ba gida uku sun ɗaure kaya. Ban san ina za su ba, su ma ba su sani ba. In ka ce ba komai, za su kwance. Ana sallame Juma'a ka miƙe ka yi wa jama'a bayani."

Shekara talatin da huɗu Dabo yana jan igiya a gonakin yankin Sandamu. Tun da shari'a ta dawo, alƙali ba ya raba gadon gona a ƙauyukan nan sai an ɗauko shi ya auna, ya kafa turaku, ya tsaya ya ba da shaida. Igiyar tasa ta rama ce, gaba goma cif, da ƙulli a kan kowace gaba. Taurin kansa kowa ya san shi, amma saboda taurin kan nan ne ake nemansa: bai taɓa faɗin awon abin da bai shimfiɗa wa igiya ba. Kalmar "wajen" ba ta cikin bakinsa. In ka ce masa gonarka wajen igiya bakwai ce, sai ya tambaye ka "wajen" ɗin kai za ka noma ko ƙaninka.

"Abin da ban auna ba in na faɗa, ai shaidar zur na yi," ya ce.

"To je ka auna mana," in ji Mai gari. Aka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba.

Dabo bai yi dariya ba. Ya yi sallama ya fito, ya leƙa gida ya ce wa matarsa Nana zai je Daura wajen 'yarsu Siddiƙa ya dawo kafin salla, ya saɓa igiyarsa a kafaɗa. In za a faɗi gaskiya, ba tsoro ne ya fi damunsa ba. Tun da mai karanta labarai ya ce "mita arba'in da biyar" wata tambaya ta hana shi sakat. Awo sai da mutum biyu, ɗaya a wannan baki, ɗaya a wancan. To su waɗannan masanan, wa ya riƙe musu ɗaya bakin igiyar?

Ɗan acaɓa ya kai shi Sandamu, ya shiga tasi, mata a baya, shi da wani mai sayen fatu sun matsu a gaba. Kafin su shiga Daura dutsen ya ƙara girma har sau biyu. Mai fatu ya ce ya kai faɗin garin Zango. Wata tsohuwa daga baya ta ce jikanta ya gani a waya, ya fi Katsina. Direba ya ce shi dai in zai faɗo ya taimaka ya faɗo cikin ramin titin nan na gaba, ko a huta. Dabo ya rungume igiyarsa ya kau da kai, don ba ya shiga musun da ba a kawo ma'auni ba.

Siddiƙa 'yarsa ce ta uku, tana koyar da labarin ƙasa a wata sakandaren 'yan mata cikin Daura. Ya same ta a ofishin malamai tana duba littattafan ɗalibai. Tana ganin igiyar a kafaɗarsa jan biron ya suɓuce mata.

"Innalillahi! Baba, wa ya rasu?"

Bai ga laifinta ba. Duk gidan da igiyar nan ta dosa, an riga an tashi daga zaman makoki.

"Ba wanda ya rasu. Dutsen nan na zo mu auna."

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ja bakin hijabi ta rufe dariyar da ta taso mata, don ta ga fuskarsa ba ta wasa ba ce. Da ya gaya mata abin da Mai gari ya ɗora masa, dariyar ta tafi da kanta. Ta ɗauko wata takarda da ta bugo a shagon intanet tun ranar Laraba saboda ɗalibanta, ta ɗauko ƙwallon nan mai taswirar duniya daga saman kabad, ta kai shi wani aji da babu kowa.

"Fara da hanyar," ya ce, ya zauna a bencin 'yan mata gwiwoyinsa na dukan tebur. "Sun ce sun san ta ina zai bi. Wa ya bi shi?"

Siddiƙa ta ɗan yi tunani. Ta san mahaifinta. In ta fara da Turanci, tashi zai yi.

"Baba, a ce an ɗaure akuya a turke ta wuni tana kiwo, sannan aka kwance ta, aka cire turken, aka share ramin. Kai ka zo daga baya. Za ka gane inda turken yake?"

"In ciyawar ta nuna. Wuri uku ya ishe ni a bakin inda ta ci. Zan fitar miki da turken, in kuma gaya miki tsawon igiyar."

"Ko ba ka ga akuyar ba?"

"Ko an yanka ta an cinye."

"To rana ce turken. Duniya a ɗaure take tana zagaya ta, kwana ɗari uku da sittin da biyar. Dutsen nan ma a turken yake, nasa zagayen kwana ɗari uku da sittin da takwas. Ka ga igiyoyin sun kusa zuwa ɗaya, shi ya sa suke haɗuwa. Zagayen ba kamar faifai yake sak ba, ya ɗan yi ƙwai, amma lissafin yana fita. Bara war haka wasu masu duban taurari a ƙasar Sifen suka fara hango shi da madubin hangen nesa. Tun daga nan ake biye da shi. Ba wuri uku aka gan shi ba, sun fi ɗari. Kuma ba mutum ɗaya ba ne. Na wannan ƙasa ya auna, na waccan ya auna, a haɗa a ga ko ya zo ɗaya."

"Shaidu ke nan," Dabo ya ce a hankali. Ya gyara zama. "Igiyar fa? Da me aka tufka ta?"

"Ba a ganinta. Jan da rana ke yi ne, irin jan da ke sa in ka saki gudumarka ta faɗo ƙasa, ba ta tashi sama ba."

Wannan bai gamsar da shi sosai ba, amma ya ajiye shi gefe don wata rana. Ya nuna ƙwallon da haɓa.

Ta ɗora shi a kan benci. Ta ce in wannan ce duniya, to wata yana can wajen bakin ƙofa. Tana faɗin "wajen" ya miƙe. Sai da ta yi lissafi a allo ta ba shi adadi, ya warware igiya, ta riƙe masa ɗaya bakin, ya ƙirga ƙulli biyar har ya wuce ƙofar ya taka baranda. Can ya tsaya ya waiwayo yana kallon ƙwallon. Shekara da shekaru yana duban jinjirin wata, bai taɓa sanin gaba biyar ne tsakaninsu ba. Abin ya yi masa daɗi har ya manta da Mai gari.

"Dutsen fa?"

Ta auna da rula daga jikin ƙwallon, ta tsayar da alli a iska. Ya dawo ya gwada da hannunsa, daga gwiwar hannu zuwa yatsa. Kamu ɗaya da rabi, ya ɗan kasa. Ya dubi baranda inda wata yake, ya dubi allin.

"Siddiƙa, wannan ai ya shigo gida."

"Tsakar gida ya shigo, Baba, bai shiga ɗaki ba. Kilomita dubu ashirin da bakwai da ɗari bakwai ne tsakani. Ba ma ta samanmu zai fi matsowa ba, can gabas ne mai nisa. Ƙarfe takwas da minti ashirin da huɗu na daren yau."

Minti huɗun nan suka burge shi. Ya sha ganin maƙaryata gaban alƙali, kuma maƙaryaci takwas da rabi yake cewa.

"In ya wuce kuma," ta ci gaba, "duniya za ta fizge shi, igiyarsa ta gajarce. Sun ce zai koma zagayen kwana ɗari uku da goma sha bakwai."

"Au, mu ne za mu taɓa shi?" Ya yi dariyarsa ta farko a ranar. "Ashe a garinsu ya kamata a ɗaure kaya."

Saura girma. A nan Siddiƙa ta shiga juya takardar.

"Wajen mita arba'in da biyar."

"Wajen."

"Baba, ba su gan shi kamar yadda nake ganinka ba. Ɗigon haske kawai suke gani, da shi suke ƙiyasi. In ka hango garke daga nesa da magariba, farin ɗan maraƙi da baƙin bajimi, wa zai fi fitowa?"

"Farin."

"To ba su sani ba ko fari ne ƙarami, ko baƙi ne babba. Zai iya kasawa, zai iya ɗarawa. Su da kansu suka rubuta haka, ga shi nan. Hanyarsa sun auna. Girmansa ƙiyasi ne."

Ya shirya jin haushi, sai ya ga haushin ya ƙi zuwa. A aikinsa, duk wanda ya taɓa yunƙurin cin iyakar maraya ya san komai ne daga farko har ƙarshe, ba ya taɓa cewa bai sani ba. Waɗannan kuwa sun ware abin da suka auna gefe, sun ware abin da suka ƙiyasta gefe, ba wanda ya matsa musu. Ya ji a ransa da zai so ya zauna da su ko na yini ɗaya, ya ga kayan aikinsu.

"Na Rasha fa? Me ya hana su ganinsa?"

"Sun ce ba hanyarsu ɗaya ba. Ƙarami ne, ba wanda ya gan shi yana zuwa."

"To in akwai na uku?"

"Wannan kam, Baba, sai Allah."

Ya gyaɗa kai. Ya sa ta auna gabarsa da rular mita, ya buɗe hannuwa jikin allo kamar mai shanya riga. Mita ɗaya da santimita tamanin. Ta raba, ta ce gaba ashirin da biyar ke nan.

"Igiya biyu da rabi?" Har ya ji kamar an rage masa wani abu. "Shi ke nan? Ai bai kai kason mace ɗaya ba a gonar marigayi Alhaji Sha'aban."

"Kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ka. Gudunsa ne abin tsoro. Da a ce kan Daura zai faɗo, da ba a magana. Amma ba zai faɗo ba, in sha Allahu."

"Kin auna?"

"Ban auna ba, Baba. Na dai san yadda ake awon, na bi bayaninsu gwargwadon karatuna, ban ga inda ya karkace ba. Ni yau a ɗakina zan kwana."

A hanyar komawa bai ji ko kalma ɗaya daga surutun fasinjoji ba. Yana ta juya yadda zai faɗa. Hanyar dutsen zai iya ba da ita a matsayin abin da ya ji daga shaidu, wannan shari'a ma ta yarda da shi. Girman ne matsala, don ya san mutanensa. In ka ce musu mita arba'in da biyar, kafin la'asar ya koma Katsina. Sai dabara ta faɗo masa, ya ji daɗinta har ya bugi cinyarsa. Gani ya kori ji. Zai shimfiɗa musu shi a ƙasa, kowa ya ga ɗan abin da ya hana shi karyawa.

Ana sallame Juma'a Mai gari ya ce kowa ya dakata. Dabo ya miƙe. Ya ba su labarin akuya da turke, makiyayan da ke sahun baya suka gyaɗa kai. Ya faɗi minti ashirin da huɗu. Ya ce dutsen wucewa zai yi, ba zai faɗo ba, da yardar Allah. Har ya daure ya furta "wajen" sau ɗaya, kamar mai haɗiyar maɗaci, wasu suka dubi juna. Sannan ya ce duk mai son ganin girmansa ya biyo shi.

Ya kira Kabo, abokin aikinsa da ke riƙe masa ɗaya bakin igiya tun suna da baƙin gashi. Suka nufi masussukar da ke bayan masallaci, inda ake sussukar gero da kaka, yanzu fili ne fetal. Jama'a suka biyo su duu. Dabo ya yi bisimilla ya kafa turken farko. Igiya ɗaya, igiya biyu, rabi, turke. Ya juya, igiya biyu da rabi, turke. Aikin ya shiga jikinsa yadda ya saba, yana tafe yana jan layi da diddige, ba ya ganin kowa.

A kusurwa ta huɗu filin ya gaza. Saura gaba biyu aka ci karo da dangar gidan Amadu mai gyaran keke.

"Tsaya nan mana," in ji Kabo. "Ai an gane."

"Ashirin da uku ne nan. Ashirin da biyar aka ce."

Ya zura igiyar ta ƙasan dangar kara, ya yi sallama ya zagaya, ya buga turken ƙarshe a inda ƙulli ya faɗa, dab da bangon wani ɗaki. Ya fito yana karkaɗe hannu, ya bar igiyar a miƙe a gefen da ke kallon hanya.

"To jama'a, ga shi nan. Iyakacinsa ke nan."

Ya sa ran jin dariya, ko wani ya ce ashe ɗan wannan ne. Shiru ya ji. Waɗanda ke tsaye cikin filin suka fara ja da baya, ɗaya bayan ɗaya, har suka fice daga layin. Wani dattijo ya janye jikarsa da ta taka turke. Can baya wata murya ta ce, "La'ilaha illallahu, ashe nan ne."

Kafin Dabo ya gane me ke faruwa, Amadu ya ratso jama'a ya tsaya gabansa.

"Baba Dabo, me na yi maka? Duk faɗin garin nan ba inda zai sauka sai ɗakin matata Maijidda? Kwananta huɗu da haihuwa!"

"Kai, wa ya ce nan zai sauka? Misali na yi muku! Girmansa na nuna!"

Amadu bai tsaya ji ba, ya faɗa gida. Nan da nan aka ji kukan mata. Sai ga katifa ta fito, ga akwati, ga tukunyar ruwan wankan jego an kinkimo ta tana tururi. Aka kira ɗan acaɓa ya zo ya tsaya ƙofar gida, wai za a kai mai jego da jaririn gidansu a Zango. Tsofaffin mata suna ta salati, suna cewa ina aka taɓa ɗora ɗanyen jiki a kan babur, ko suna ba a yi ba.

Dabo ya bi jama'a yana bayani har muryarsa ta dishe. Ya maimaita akuya, ya maimaita turke, ya ce da bakinsa ya gaya musu ba zai faɗo ba. Wani tsoho da Dabo ya taɓa raba wa gona da 'yan'uwansa ya dafa shi, cikin girmamawa ma.

"Mun ji bakinka, Dabo. Mun san Mai gari ne ya ce ka kwantar mana da hankali, ka kuma kyauta. Amma shekara talatin da huɗu, yaushe ka taɓa kafa turke don misali?"

Gaskiya tsohon ya faɗa. A ƙauyukan nan, inda Dabo ya buga turke magana ta ƙare, nan ake dasa gamba, nan jikoki za su tarar da iyaka. Shi ya koya musu haka da kansa, gona bayan gona. Yau ga bakinsa ga igiyarsa sun saɓa, kuma sun zaɓi igiyar. Kunya ta kama shi, da haushin kansa. An aike shi ya kwance kayan gida uku, ga shi ya ɗaure na huɗu, har da mai jego.

Ya nufi turken farko zai tumɓuke, Kabo ya riƙe masa hannu.

"In ka cire, cewa za su yi ɓoyewa ka yi. Na ce maka ka tsaya a ashirin da uku, ka ƙi."

Dabo ya tsaya riƙe da ƙugu. Ya dubi Mai gari, Mai gari ya kau da kai. Ya dubi akwatin da ake ɗaurewa a bayan babur. Sai ya juya ya shiga masallaci, ya ɗauko buzunsa da butarsa. Ya taka har tsakiyar filin, bai ma san yana ƙirga takun ba, ya shimfiɗa buzun ya zauna.

"Amadu!" ya kira da sauran muryar da ta rage masa. "Kada ka fitar da yarinyar nan. Ga ni nan, ba inda za ni sai takwas da minti ashirin da huɗu ta wuce. In nan zai sauka, da ni zai fara."

Amadu ya tsaya a bakin danga, igiyar roba a hannunsa. Bai kwance akwatin ba, bai kuma ce a fito da Maijidda ba. Ɗan acaɓa ya kashe babur ya jingina.

Haka aka yi la'asar. Dabo ya yi tasa shi kaɗai a kan buzu, karo na farko cikin shekaru da ya rasa jam'i yana jin kabbarar liman. Bayan salla mutane suka dawo suka jeru a bayan layi, kamar masu kallon dambe. Ba wanda ya taka ciki. Kabo ya tsuguna daidai turke na biyu yana cin goro.

"Dabo, in ya sauka, wa zai auna naka gadon?"

"Kai mana. Ka tsaya a ashirin da uku, a ga yadda za ka ƙare da 'ya'yana."

Aka ɗan yi dariya, amma ko Kabo bai matso ba.

Da rana ta yi ja, Dabo ya ɗaga kai. Sama wasai take, ba komai sai shirwa ɗaya. Ya gwada ya ga inda abin yake yanzu, dutse mai igiya biyu da rabi, ba a san ko fari ba ne ko baƙi, yana tahowa a kan igiyar da ba a gani. Ta wace kusurwa? Ya manta bai tambayi Siddiƙa ba, abin ya ba shi haushi. Daga nan tunaninsa ya tafi kan na Rasha, wanda ba wanda ya gan shi yana zuwa, sai tsoro ya kama shi, na gaske. Duk rayuwarsa bai taɓa tsayawa kan awon wani ba. Yau ga shi zaune a kai da jikinsa gaba ɗaya, awon mutanen da ko sunansu bai sani ba.

Gab da magariba jama'a suka dare, sai ga Nana lulluɓe da mayafi, ɗauke da kwanon tuwo da na miya. Ta zo har bakin igiyar ta tsaya. Shekara arba'in suna tare, ta san fuskarsa in yana da tabbas, ta kuma san ta in ba shi da shi.

"Malam," ta ce, ba ta rage murya ba, "tsakaninka da Allah, ka auna dutsen nan?"

Dabo ya san in ya ce e, an gama, Amadu zai kwance kaya yanzu.

"Ban auna ba."

"To wa ya auna?"

"Wasu ne can. Siddiƙa ta bi awonsu ta ce ba ta ga karkata ba, ta ce a ɗakinta za ta kwana. Ni kuma na yarda da ita."

Nana ta dubi sama, ta dubi tsohon nan nata zaune shi kaɗai tsakiyar fili da buta. Sai ta tattare bakin zanenta, ta ɗaga ƙafa ta tsallake igiyar, ta tako a hankali don kada miya ta zube. Ta bayan kafaɗarta Dabo ya hango Amadu ya sunkuya yana kwance robar da ya ɗaure akwati.

Ita ko waiwaye ba ta yi ba. Ta dire kwanukan a gabansa.

"Matsa mini," ta ce. "In dai Siddiƙa ce ta faɗa, ai na riga ka saninta."